Tafiyar da Na Kai Makaranta

Ku yi min afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce kawai, irin wadda ake samu a bayan ƙofa da littafi a cinya lokacin da ake neman ta ta wanke kwanuka. Masu rubuta littattafan da nake karantawa manya ne, sun ga jiya sun ga yau. Ni kuwa iyakar duniyata gida da makaranta da titin da ya haɗa su. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri ku wuce abinku, kada ku tsaya ɗaga ni. Abin ne ya hana ni sakat, kuma da baki na san ba zan taɓa iya faɗarsa ba.

A makarantarmu akwai darussa uku da ake yi da yamma, kowanne sau ɗaya a mako. Litinin wasan kwaikwayo, Laraba kula da muhalli, Alhamis aikin lambu. Ba a yin jarrabawarsu, don haka yawancin 'yan ajinmu sun mai da su lokacin gulma. Ni ba na wasa da su, saboda akwai mai jirana a gida in kawo masa labarinsu.

Babana ke nan. Direban bas ne, ko in ce da can direban bas ne. Wata safiya bara ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, sai ya kife gefe guda. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya daina jin maganarsa. Hannun ya lanƙwashe ya manne a ƙirji, ƙafar ta zama kaya, baki ya ɗan karkace. Mutumin da ya san kowace kwana da kowane rami a titunan garin nan, tafiyarsa ta koma daga gado zuwa kujerar bakin taga. Ko ƙofar gida ya ƙi leƙawa. In abokan aikinsa sun zo gaisuwa a zaune yake karɓarsu, ba ya tashi sai sun tafi. Umma ta sami aikin guga a wani shagon wanki, tana fita tun da safe, sai yamma lis.

Amma bakinsa, duk da karkacewar, bai daina tsokana ba. Ƙafar nan Fasinja yake kiranta.

"Duk wanda na taɓa ɗauka a mota ya sauka, Uwata," in ji shi, "ban da wannan. Ta ce ita sai tasha ta ƙarshe."

Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ina ajiye jaka zai gyara zama ya ce, "To Uwata, yau ke ce a sitiyari. Ina za ki kai ni?" Sai in zauna a ƙasa kusa da kujerar in kwashe masa komai. A makaranta ko sunana aka kira sai murya ta maƙale, amma a gabansa har muryar malamai nake yi.

Ran Alhamis nakan kai shi lambu. Malamin lambu Malam Taki muke ce masa a bayan idonsa, domin ko ciwon kai ka ce kana yi zai ce taki ne bai ishe ka ba. Ya yanka wa kowa fangalinsa, ni na yafa irin tumatir a nawa. Da suka tsiro suka yi cunkus, ya zo ya tsaya a kaina.

"Cire ƙananan, ki bar masu ƙarfi su sha iska."

"Malam, su ma ai suna da rai."

"'Yata, lambu ne nan, ba gidan marayu ba. Cire."

Na cire, amma ban zubar ba. Na tura su cikin gwangwanin madara da 'yar ƙasa na ɓoye a jaka. Baba ya juya gwangwanin a hannunsa na dama ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan ne aka sallama daga aiki? Ajiye su a taga. Ƙungiyarmu ɗaya."

Matar da asibiti ke turowa ta motsa masa gaɓoɓi ta daɗe tana roƙonsa ya riƙa ba hannun hagun aiki, yana yi mata kunnen ƙashi. Sai ga shi saboda tumatir ya fara. Yakan cusa ƙaramin kofi tsakanin yatsun da suka dunƙule, ya tallafo gwiwar hannun, ya karkata. Rabin ruwan a cinyarsa yake ƙarewa.

"Wando ya ƙoshi," zai ce. "Saura tumatir."

Ran Laraba kuma bakin ruwa muke zuwa. A bayan katangar makaranta akwai wani kududdufi mai ciyayi, inda mutanen unguwa ke jefa duk abin da suka gaji da shi. Malamar muhalli, wadda muke kira Malama Tsit, takan raba mana safar hannu da buhuna mu tsince leda da robobi da matattun batura. In mun gama sai ta zaunar da mu a gangaren, ta ɗora yatsa a leɓe. Ta ce ba ka iya kare abin da ba ka san yadda yake rayuwa ba, kuma ba ka sani sai ka iya zama ka kalla.

Wata rana zalɓe ya sauka. Bayan ya tashi ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Wata 'yar ajinmu da muke kira Rediyo, don ba a kashe ta sai dai a rage murya, ta ɗaga hannu.

"Malama, ya yi tafiya, ya ci kwaɗo, ya ƙara gaba. Rayuwa ke nan."

Aka yi dariya. Malama Tsit ba ta yi ba.

"Wannan ko wanda bai zo ba zai iya faɗa. Da wace ƙafa ya fara? Ina wuyansa yake lokacin da ƙafar ke sama? Me ya tsayar da shi?"

Ni na sani. Shiru dai sana'ata ce tun ina ƙarama. Na ba da amsa, kaina a sunkuye, ta sa na maimaita don na baya su ji. Ranar da gudu na koma gida. Kuma daga ranar idona ya koyi wani abu da ya ƙi mantawa. Na fara kallon Baba yadda ake kallon zalɓe.

Sandarsa yake fara jefawa gaba. Ƙafar dama ta bi. Sai ya karkata, ya ɗaga ƙugunsa na hagu, ya jefo Fasinja ta gefe, ta zagayo kamar lauje, yatsun suna jan ƙasa, shuuu. Hannun hagu yana ƙirji kamar ya ɗauko ɗan tsako. In ya yi taku kaɗan sai ya tsaya, ya goge gefen bakinsa da bayan hannu, ya dubi sama kamar mai tuna wani abu, don kada a gane numfashi yake mayarwa.

Litinin ce ranar da nake tsoro. Malam Labule, mai koyar da wasan kwaikwayo, dogo ne mai ƙatuwar murya, kuma yana son tsohon jan labulen ɗakin taronmu kamar shi ya haife shi. Mutumin kirki ne, ina so ku riƙe wannan. Wata Litinin ya ce mako mai zuwa kowa ya zo da tafiyar wani.

"Ba na son magana, ba na son suna. Ku duba gida, ku duba titi, ku ɗauko min tafiya ɗaya ku kawo a jikinku."

Na shirya ta mai sayar da jarida na bakin mahaɗa, mai sauƙi ce. Amma da layi ya zo kaina, na tsaya a tsakiyar dandamali idanu sun yi min caa, sai komai ya gudu daga kaina. Abu ɗaya ya rage a jikina, wanda nake kallo safe da yamma. Hannuna ya hau ƙirji da kansa. Ƙuguna ya ɗaga.

Na ratsa dandamalin ba mai ko tari. Ban yi don a yi dariya ba, kuma da farko ba wanda ya yi. Sai da na tsaya na goge gefen baki na dubi sama, wani daga baya ya fashe, ajin gaba ɗaya ya ɗauka.

"Wannan ita ce tafiya!" Malam Labule yana tafi. "Kun gani? Har da hutun ƙarya! Wane ne wannan, 'yata?"

"Ai kun ce ba suna, Malam."

"Ta kama ni! To shi ke nan."

Da yamma Baba ya ce ina za mu je. Na ce yau Malam bai zo ba.

A ƙarshen zango makarantarmu takan gayyaci iyaye su ga lambu, su ga kududdufin da muka share, sannan a yi musu wasa. Na bana Malam Labule ya haɗa shi daga darussan uku: wani tsoho mai gadin lambu da bakin ruwa, awaki suna shigar masa, masu zubar da shara suna zagaye shi, kullum yana bin su ba ya kamawa. Abin da ke hana shi kamawa kuwa, tafiyar da na kawo ce. Ya so ni in fito a tsohon, amma ya gwada muryata ya ce ko layin gaba ba za su ji ba. Sai ya ba Rediyo. Ni aka ba ni kujera a bayan labule da takardun wasan, in riƙa tuna wa wanda ya manta maganarsa. Aka kuma ce in koya wa Rediyo tafiyar.

Na koya mata. Me zan ce? Ta iya ɗaukar abu, har ta ƙara gishiri, tana murguɗa baki tana jefa ƙafar kamar za ta zagaye kanta. Duk ranar gwaji 'yan ƙananan azuzuwa sukan cika tagogi, har suka fara yi a filin wasa, shuuu, shuuu. Abu ɗaya nake ba kaina haƙuri da shi: Baba ba ya fita. Zango zai ƙare, a manta.

Sai wata yamma na dawo na tarar da shi tsaye a tsakar gida, gumi ya jiƙa masa riga. Umma ko mayafi ba ta cire ba, tana dariya tana share ido.

"Faɗa mata," in ji Umma. "Faɗa mata abin da ka ce min."

"Ummanki ta ce ana neman iyaye a makaranta. To ni mene ne, kujera? Zan je in ga 'yan'uwan waɗannan na taga, ko da gaske sun fi su. In ga zalɓen nan naki. In ga wasa."

"Ya kai ƙofar gida yau," Umma ta ce. "Har ya leƙa titi."

"Na gaya wa Fasinja ta shirya, doguwar hanya ce."

Tun ranar kullum sai ya yi daga taga zuwa ƙofar gida ya dawo, ya sake. Abin da matar asibiti ta kasa sa shi wata da watanni ya ɗauka da kansa. Ya koma cin abinci sosai. Ya sa Umma ta fito da rigarsa mai ruwan toka ta goge. Ni kuwa abinci ya daina wuce min.

Ta wajensa na fara, ko zan sa ya fasa zuwa.

"Baba, ranar fa za a yi zafi. Ɗakin taron cika yake yi, ga matakala a ƙofa."

"Wace matakala ce za ta gagari direba?"

"Wasan ma ba daɗi. Ni ko fitowa ba zan yi ba, ina bayan labule. Ka bari sai baɗi, ka ƙara ƙarfi."

Ya ajiye kofin ban ruwa. Ya juya wajen gwangwanin.

"Uwata," ya ce, bai dube ni ba, "in kunya kike ji ƙawayenki su gan ni haka, faɗa min. Ba zan ji haushi ba. Ni ma da na fara ganin kaina a madubi ban so ba."

Na rantse masa, na yi kuka, na ce wallahi ba haka ba ne, ina so ya zo. Ya shafa kaina ya ce to magana ta ƙare.

Na koma wajen Malam Labule. Na same shi a kan tsani yana ɗinke zoben labule.

"Malam, tafiyar nan, ko za a cire ta?"

"A cire? Ita ce fa ginshiƙin wasan." Ya sauko ya dube ni da tausayi. "Na gane. Ke kika kawo, wata ke shan tafi. Akwai ciwo. Kada ki damu, kowa a ajin nan ya san taki ce."

"Ba shi ba ne, Malam."

"To mene ne?"

Maganar tana bakina. Sai ga masu fitowa a awaki sun shigo da ƙahonin kwali suna ihu, ɗaya ƙahonsa ya karye, Malam ya juya wajensu.

Rediyo ta rage. Ana gobe taron muna bakin famfon lambu muna cika bokitai, tana ba ni labarin wata rigima da ba ta shafe ni ba. Bokitin na kalla na ce:

"Tafiyar babana ce."

Ruwa ya cika ya fara zuba a takalmanmu. Ban taɓa ganin Rediyo ba magana ba sai ranar.

"Ke! Mahaifinki? Wanda ya haife ki?"

Na ɗaga kai.

"Kuma kika tsaya kina gyara min ƙugu? Ke wace irin mutum ce? Ai sai ki mare ni!" Ta kashe famfon. "Zai zo?"

"An goge masa riga."

"Innalillahi. To ji nan. Gobe ƙafar tsohon nan lafiyarta ƙalau. Ciwon baya zan yi masa, in riƙe ƙugu in yi ta nishi. Malam ya kashe ni bayan an tashi, dama ya daɗe yana nema."

Na kama jiƙaƙƙen hannunta.

"Sake ni, kada ki sa ni kuka. Ban iya ba, muni nake yi."

Washegari Baba ya ce in wuce, su za su biyo a tasi. Na shiga ɗakin taro tun ba kowa, na zaɓi kujeru biyu a layin gaba, bakin hanyar da ta ratsa tsakiya, inda zai sami wurin miƙe ƙafa. Na ɗora jakata a ɗaya, rigar sanyina a ɗayar.

Iyaye suka zo. Malam Taki ya zagaya da su lambu, Malama Tsit ta kai su bakin ruwa. Ina ta duban hanya. Aka shiga ɗakin taro, aka cika, aka ja labule. Daga inda nake zaune akwai 'yar tsaga tsakanin labule da bango, ina ganin layin gaba da hanyar tsakiya har ƙofar baya. Jakata da rigata suna zaune abinsu.

Malam Labule ya tsara wasan yadda awaki da masu zubar da shara za su riƙa shigowa ta ƙofar baya, su ratso ta cikin mutane su hau dandamali. Abin ya burge jama'a. Duk sanda ƙofar ta buɗe sai kawuna su juya, a fara dariya tun kafin a ga ko wane ne.

Rediyo ta fito da gemun auduga da sanda, ta riƙe baya tana nishi. Aka ɗan yi murmushi. Ta bi akuya, akuya ta tsere, ba wanda ya motsa. Wasan ya kwanta kamar wutar da aka zuba wa ruwa. Malam Labule a ɗaya gefen yana ɗaga ƙugu yana nuna mata, idanunsa kamar za su faɗo. Sai 'yan ƙananan aji da ke zaune a ƙasa suka fara:

"Tafiyar! A yi tafiyar!"

Rediyo ta daure ta daure. Can ta yi kamar tana neman akuya, ta matso gefena. Gumi ya fara ɓanɓare gemun.

"Ya zo?" ta ce ta gefen baki.

Na leƙa tsagar. An ci fiye da rabin wasa. Na ce a raina Fasinja ce ta ƙi, ko tasi ba ta samu ba, ko ya duba madubi ya fasa.

"Bai zo ba."

"Kin tabbata?"

"Yi kawai."

Ta koma tsakiya. Sanda ta yi gaba, ƙugu ya ɗaga, shuuu. Ɗakin ya ɗauka kamar an kunna shi. Maza suna buga gwiwa, wata mata a layi na biyu tana share hawaye. Rediyo ba ta murguɗa baki ba wannan karon, ba ta sa gishirinta ba. Ta yi ta daidai yadda na koya mata.

Ƙofar baya ta buɗe.

Daga baya Umma ta gaya min abin da ya tsayar da su. Mai tasi ya so ya shigo da su har bakin ɗakin taro, Baba ya ce a'a, a sauke shi a ƙofar makaranta, da ƙafarsa zai shiga makarantar 'yarsa. Tafiyar da ni in na makara nake gamawa kafin ƙararrawa ta yi shiru, shi ta cinye masa lambu da bakin ruwa da rabin wasa.

Kawuna suka juya. Ga mutum cikin riga mai ruwan toka da hula, sanda a gaba, hannu a ƙirji. Ya jefo ƙafa, shuuu. A kan dandamali ma, shuuu.

"Ga wansa ya zo taya shi!" wani ya ɗaga murya.

Ɗakin ya kece da dariya. Aka fara tafi. Wani mutum ya miƙe don ya gani da kyau, yana cewa wannan ai ya fi na saman iyawa, a ina suka samo shi. Ba mugunta ba ce. Tun farkon wasa aka koya musu duk wanda ya shigo ta ƙofar nan ɗan wasa ne. Umma tana bayansa da jaka a hammata, tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane ba tukuna.

Baba ya riga ta ganewa. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga kai. Rediyo ba ta gan shi ba, fitila na haske mata ido, kuma daidai nan ta kai wurin hutawa. Ta tsaya, ta goge gefen baki da bayan hannu, ta dubi sama kamar mai tuna wani abu.

Wannan ba a ganinsa a titi, abokan aikinsa ma ba su taɓa gani ba. Sai wanda ya saba zama a ƙasa kusa da kujerar bakin taga.

Na ga ɓarin fuskarsa mai motsi ya tsaya, ya zama ɗaya da ɗayan. Sai ya jingina sandar a cikinsa, ya cire hula da hannun dama, ya ɗaga wa mutanen wannan gefe, ya ɗaga wa na wancan, ya ɗan rusuna, yadda 'yan wasa ke yi. Tafi ya ƙaru, har da masu fito.

Da sauran hanya tsakaninsa da kujerun. Ya mayar da hula ya kama sanda. Ina kallo ta tsagar, na ga yana ƙoƙarin sake tafiyar. So yake ƙafar ta miƙe gaba kamar ta kowa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ƙafar ta yi rawa a wuri ɗaya, ta yi rawa, sannan ta zagayo ta gefe yadda ta saba. Bai tsaya hutawa ba, bai goge baki ba, ya bar miyau yana sauka a kan rigar da aka goge. Dariya ta fara mutuwa daga kujera zuwa kujera, waɗanda ke kusa sun ga gumin, sun ga fuskar Umma. Na can gefe suna ta tafi.

Ya ɗauke jakata da kansa, ya zauna, ya ɗora ta a cinya. Bai dubi labule ba. Umma ce ta duba, gefe da gefe, tana nemana. A lokacin Rediyo ta gan shi. Hannunta ya sauko daga ƙirji a hankali.

Bari in faɗi na bayan nan yanzu, don ba zan iya ƙarewa da shi ba. Baba bai taɓa yi min maganar ba. Yana ce min Uwata kamar da. Laraba da Alhamis yana tambayata inda za mu je. Ran Litinin in na shigo nakan tarar ya juya fuska bango, Umma ta ce barci yake yi. Kuma in ina ɗakin ba ya tashi daga kujera. Sai ya aike ni ɗebo ruwa, ko in duba ko ana buga ƙofa, in na dawo in tarar ya riga ya isa inda za shi.

A ɗakin taron kuwa, awaki suka sake shigowa a guje, don lokacinsu ya yi kuma ba wanda ya gaya musu komai. Suka cika dandamali da ihu, suka kewaye Rediyo da ke tsaye kamar an dasa ta. Malam Labule yana can yana juya hannu, a ci gaba, a ci gaba. Kowa yana kallon wani. Na ajiye takardun a kan kujera, na cire takalmina na riƙe a hannu, don katakon bayan dandamali yana ƙara. Akwai wata ƙaramar ƙofa a can ƙurya da ake shigo da kujeru ta nan. Na tura ta iya faɗin kafaɗata, na fita, na mayar da ita a hankali har ta kama.